Gurbin da Aka Bar wa Baban Amira a Jidda

Daga Kano

Tun kafin kiran assalatu na tashi Baban Amira, don jirginmu na safe ne, kuma na san halin mijina. In ba a tsaya a kansa ba, sai ya samo dalilin fasa tafiyar. A makon nan kaɗai ya gwada sau biyu. Da farko ya ce akwai firjin wani mai kifi da bai gama gyarawa ba. Daga baya ya ce gwiwarsa. Na ce masa gwiwar ma tana bukatar ɗawafi.

Bari in faɗa muku abin da yake gudu. Maigidana haifaffen Jidda ne. Kakansa ya tafi hajji a ƙasa daga Haɗeja, bai dawo ba. Da mahaifinsa ya rasu, takardun gidan suka mutu tare da shi. Yana ɗan shekara ashirin da ɗaya aka tare shi a hanya ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Masu shekaruna za su tuna kaset ɗin nan, Haifaffen Nan, na samarin da ake kira Nuzla Uku, da sunan unguwarsu ta Jidda. Shi ne karo na farko da muka ji an jera Hausa da Larabci a guje a kan kiɗan hip-hop. Yayyena sun saurare shi har zaren ya tsinke, suka liƙe da jan farce. To Basho na cikin kaset ɗin, shi ne mai gyaran firjin da na aura. Ban sani ba sai da muka shekara biyu da aure, ranar da ƙanena ya ji shi yana zagin janareto da Larabci, ya ce, "Yaya, wallahi na san muryar nan." Ya amsa cewa shi ne, amma ya hana a kunna kaset ɗin a gidansa, ya kuma hana a tambaye shi dalili.

Haka muka zauna har bara, da wata yarinya mai suna Lujain ta nemo Amira a waya. 'Yar Fu'ad ce, ɗaya daga cikin ukun. Ta ce babanta da na ukunsu, Dahumi, suna nan da rai, suna son ganinsa. Baban Amira ya ce shi umara kawai zai je. Na ce to, umara dai ta Jidda ake bi.

Maƙwabcinmu Malam Sani ne ya kai mu filin jirgi a tasinsa. A shingen bakin ƙofa wani jami'i ya leƙa but, ya ga ƙullin kuka da daddawa da yajin ƙuli, ya ce, "Hajiya, ibada za a je ko buɗe shago?" Na ce duka biyun lada ne. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Saukar Jidda

Tafiyar awa huɗu ce da 'yan mintuna. Ya ɗaura harami a cikin jirgi da aka sanar an kusa miƙati, daga nan bai ƙara cewa komai ba sai talbiyya. Da teku ya bayyana a ƙarƙashinmu na nuna masa, ya ƙi kallon taga.

A layin duba fasfo na ga zufa na bin wuyansa duk da sanyin wurin. Mun tambaya tun a gida, an ce shekarun hani sun wuce tuni, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Jami'in saurayi ne, bai fi sa'ar Amira ba. Ya sa shi ya danna yatsu, ya duba fasfo, ya ɗago.

"An haife ka a Jidda?" ya tambaya da Larabci.

"A Nuzla."

Kalma biyu ya faɗa, amma yaron ya ji harshen. Ya yi murmushi, ya buga hatimi, ya ce masa barka da dawowa. Baban Amira ya karɓi fasfo ya wuce, har ya manta da ni a baya. Sai da na ƙwala masa kira.

Daga filin jirgin muka hau jirgin ƙasa zuwa Makka, ƙasa da awa ɗaya. Ba zan tsawaita a kan umara ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kira shi. Kwana uku muka yi. Gwiwa kuwa ba ta ce uffan ba.

Kurayyat

Ranar Talata da hantsi muka shiga motar haya zuwa Jidda, riyal ashirin da biyar kowane mutum. Direban mutumin Damagaram ne da ya zo umara shekarun baya ya zarce. Duk hanya yana ba mu labarin kafilinsa, wato ubangidan da ke tsaya masa a takarda, yana cewa "voilà" na Faransanci da "halas" na Larabci, wato shi ke nan, a jimla ɗaya. Ya sauke mu a unguwar Kurayyat, gaban wani shagon gyaran iyakwandishan na mota.

Wani ƙato mai tumbi da furfura, Fu'ad ke nan, ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Suka tsaya suna kallon juna.

"Ya Basho," in ji shi. "Ina gashin?"

"Ina ƙugun?" in ji mijina.

Sai suka rungume juna, Fu'ad na kuka da ƙarfi kamar yaro, ya shafe wa mijina farar jallabiya da baƙin mai. Ni ma na goge ido da gefen mayafi, sai ga wata doguwar yarinya ta kama hannuna. "Khala, ahlan! Ni Lujain. Kin zo lafiya, kin ci hanya?" Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi, sai ta ɗauko kalmar da ke kusa. Na ce na ci hanya, saura abinci.

A saman shagon suke zaune. Matar Fu'ad, Ummu Lujain, ta ba mu ɗakin ɗanta. Ta karɓi ƙullin daddawa ta shinshina ta lumshe ido. Da rana ta yi mana salig, shinkafa ce da ake dafawa da madara da romon kaza har ta yi laushi kamar fate. Da yamma aka sayo sire. Ina ɗanɗanawa na ce, "Wannan ai tsire ne!" Ta ce ai kakanninmu ne suka kawo shi, Larabawa suka karɓe har da sunan.

A kan tabarmar cin abinci na ji tarihin da mijina ya ɓoye mini. Fu'ad ne mai ba da labari, hannu na yawo a iska. Ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba Dahumi kaset ɗin baƙaƙen Amurka. Ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sun ji fushin da alfaharin, suka ce wannan ai mu ne. Suka sayi tsohon fiyano na lantarki a kasuwar gwanjo. A saman benen su Dahumi akwai ɗakin tattabaru, suka kori tattabarun gefe, suka jingina katifu a bango. Wani tsoho mai sire ya ara musu kalangu, da sharaɗin kada a ambaci sunansa.

"Kukan da kike ji a waƙa ta uku, Ummu Amira, mutane na cewa fasaha ce. Wallahi tattabaru ne. Sun ƙi yin shiru."

Na tambaya yadda kaset ɗin ya iso mana. Ya ce cikin jakunkunan alhazai, tsakanin dabino da zamzam. Wata hajiya ta sayi goma tana tsammanin ƙasida ce, ta raba wa jikoki a Fagge. Dariya har na ƙware.

Lujain ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Ammi Basho, kuma gurbin..."

Mijina ya miƙe ya ce zai yi alwala. Magariba kuwa da saura.

Gurbin nan duk wanda ya san kaset ɗin ya san shi. A waƙar ƙarshe Fu'ad ya yi baitinsa, Dahumi ya yi nasa, sai kiɗa ya ci gaba shi kaɗai kusan minti guda, ba murya. A nan samarin Kano da Jos da Damagaram suka koyi waƙa. Sai a kunna, in an zo wurin kowa ya zuba nasa. Yayyena sun yi, abokansu sun yi, wasu da kuke ji a rediyo yanzu a nan suka fara buɗe baki. Fu'ad ya rage murya ya ce mini ranar da Basho zai ɗauki baitinsa, a hanyar zuwa aka kama shi. Sun jira shi har la'asar da makirfo a kunne.

Kasuwar kifi da Nuzla

Washegari bayan asuba Fu'ad ya ɗauke mu zuwa kasuwar kifi ta bakin teku, wajen Dahumi. Tun daga nesa muka ji wata murya tana jero farashi ba numfashi. Siririn mutum ne a kan akwati, dillalin gwanjon kifi, masu saye sun kewaye shi. Fu'ad ya ce, "Ka gani? Shi kaɗai ne bai bar sana'ar ba."

Dahumi ya hango mu. Bai tsaya ba, sai da ya sayar da tulin jatan landen da ke gabansa, sannan ya sauko ya wanke hannu. Bai yi kuka ba. Ya riƙe fuskar mijina da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ka makara, ya shekh."

Ya kai mu gidansa a Ruwais muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, da shayi mai na'ana'a. Daga nan mijina da kansa ya ce a kai shi Nuzla. Suka kalli juna. Dahumi ya ce, "Yalla, amma ka shirya."

Wani ɓangaren unguwar yana nan, lunguna a matse, yara na ƙwallo, mata na sayar da ƙosai a bakin ƙofa kamar a Kurna. Amma layinsu an rushe shi cikin aikin sabunta gari. Fili ne fetal, sai tsakuwa. Mijina ya yi ta zagaye yana nuna ƙasa: nan gidanmu, nan mai burodi, nan famfo. Suka yi gardama da Fu'ad a kan inda benen tattabaru yake, kowa ya kafe a kan nasa wurin, tazarar kamu ashirin tsakaninsu.

A nan ne mijina ya yi musu tambaya. Ina tsaye kusa, na ji da kunnena.

"Me ya sa kuka fitar da kaset ɗin haka? Da rami a ciki. Duk inda na shiga a Kano ana kunna shi, in ji wurin da na gaza. Da ɗayanku ya cike, ko ku yanke."

Fu'ad ya buɗe baki, Dahumi ya ɗaga masa hannu.

"Mai kwafin kaset ya ce mu yanke. Fu'ad ya ce zai cike. Na ce duk wanda ya taɓa wurin nan zan jefa na'urar daga saman bene. In mutum ya fita ana cin abinci, rufe masa nasa ake yi. Mun ɗauka wata biyu za ka yi ka dawo."

"Ba ku neme ni ba."

"A ina? Kano muka sani, ita ma a baki. Duk alhajin da muka tambaya sai ya ce Bashir nawa ne a Kano."

Mijina ya ce, shi kuma kunya ce ta hana shi aiko da saƙo, don ya ɗauka ya ɓata musu aiki. Dahumi ya ce, "Shekara ashirin da ɗoriya, jakuna uku." Fu'ad ya ce a cire shi a lissafi, shi tun farko ya ce a cike. Suka fashe da dariya a tsakiyar filin, har wani mai wucewa a mota ya rage gudu yana kallonsu.

Juma'a a istiraha

Lujain da ƙawayenta da 'yan uwanta sun kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar da ake haya na yini, tafiyar minti arba'in daga Kurayyat. Bayan an sauko daga masallaci mutane suka fara cika. Na zaci mutum ashirin za a yi. Motoci sai da suka cika layin. Akwai tsofaffin 'yan Nuzla da rushewar unguwa ta warwatsa, akwai samari masu askin zamani da ke waƙa a waya, waɗanda aka haifa bayan fitar kaset ɗin. Ɗaya ya sumbaci goshin mijina ya ce da Larabci, su a makaranta kunyar a ji suna Hausa suke yi, sai da ya ji babansa na kunna Haifaffen Nan a mota.

Maza na tsakar gida, mu mata muna rumfa, gajeriyar katanga tsakaninmu. Ni dai na ja kujera na hau, Ummu Lujain na riƙe da ƙafarta. Aka ci shinkafa da rago, na yi musu miyar kuka a babbar tukunya, kafin in juya an suɗe.

Bayan la'asar Dahumi ya jona lasifika. Aka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa, da aka zo ta uku yara suka yi ta kukan tattabaru. Sai waƙar ƙarshe. Fu'ad ya yi baitinsa yana haki. Dahumi ya yi nasa kamar jiya ya rubuta. Ya miƙa wa mijina makirfo.

Kiɗa na tafiya, mijina na tsaye. Na ga ya sa hannu a baki, kafaɗunsa na rawa, na ce shi ke nan, kuka ne. Ashe dariya yake. Ya ce a tsayar.

"Jama'a, kafin in yi, ku sani yaro ne ya rubuta. Kuma a aljihuna yake ranar da aka saka ni a mota."

Aka mayar da kiɗan baya. Ya gyara tsayuwa, ya saki wata murya da ban taɓa ji a gidana ba:

"Nan aka yanke cibiyata, tambayi ungozoma,
Nuzla ta san tafiyata tun ban iya sa takalma,
Wa zai ɗaga ni daga nan? Ku kawo mota goma,
Ni da Jidda mutu ka raba, ko da babu iƙama!"

Wurin ya kaure. Fu'ad ya zube a ƙasa yana dukan tabarma yana cewa, "Mota ɗaya ta isa, ya Basho, ɗaya tak!" Tsofaffi na dariya suna share hawaye. Ni kuwa na rangaɗa guɗa daga saman kujera, irin ta Kano, har matan Jidda suka tsorata sannan suka taya ni. Ya ci gaba, ya yi layi shida ko bakwai, numfashi ya ƙare masa. Ya miƙa makirfon ga saurayin da ke kusa, wannan ya zuba nasa da Larabci, ya miƙa wa wani. Dahumi ya yi ta maimaita kiɗan. Lujain ta karɓa ta kan katanga ta yi nata da Hausarta mai ɗingishi, ta haɗa "tuwo" da "habibi", aka yi mata tafi fiye da kowa.

Da aka natsa ta ce tana so a shiga situdiyo gobe a ɗauki baitin, a saka a wurinsa, a sake fitar da kaset ɗin cikakke. Mijina ya ce ta ɗauka ta ajiye, amma daban.

"Wancan ku bar shi yadda yake, 'yata. Mutane da yawa sun riga sun shiga, ba zan zo da tsufana in tashe su ba."

Washegari suka je su uku suka ɗauka. An ce sau tara yana maimaitawa saboda Fu'ad na sa shi dariya.

Komawa gida

Ranar Lahadi da rana suka raka mu filin jirgi a mota uku. Kayanmu sun yi nauyi da kilo shida, saboda Dahumi ya cusa busasshen kifi, Ummu Lujain ta cusa turare da dogayen riguna na Amira. Muka buɗe akwati a tsakiyar jama'a muna raba kaya a jakar hannu. Wajen sallama Fu'ad ya sake ɓarkewa da kuka, Dahumi ya ce masa, "Halas, ka bar mutum ya tafi da ƙafarsa wannan karon." Da jirgi ya tashi mijina ya roƙe ni mu yi musayar kujera, ya manna goshi a taga har garin ya ɓace.

Mun sauka Kano kafin magariba, Amira da ƙannenta suna jiranmu a ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya karɓi ibadarmu. Na gode wa Fu'ad da iyalinsa da suka bar mana ɗaki da zuciya ɗaya, da Dahumi, da 'yata Lujain wadda ta ƙulla wannan zumunci da wayar hannu. Allah ya saka da alheri, ya bar mu tare.

Da safen nan ina shanya sai maƙwabciyata Maman Sadiƙ ta leƙo ta katanga, fuskarta duk damuwa. Ta ce tun ɗazu take jin Baban Amira na ɗaga murya da wani yare, mutumin da shekara da shekaru ba a jin tarinsa, ko lafiya, da wa yake faɗa? Na leƙa zaure na gan shi a kan benci, waya a kunne, yana dukan cinya.

Na ce mata, "Ba faɗa ba ne, Maman Sadiƙ. Gaisawa suke yi."